Dulcie a Bakin Ƙofa

Bindera Downs, ta hanyar Boulia
Farkon Disamba

Zuwa ga mijina Athol,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka cikin samun sauƙi. Yaya jikin? Yaya hannun dama, yaya kuma harshen? Ina gaida 'yarmu Kerrilee da ke gefen gadonka tana karanta maka. Kerrilee, ki karanta duka yadda na rubuta, kada ki tsallake inda na taɓa mijinki.

Da gangan na daina kiran asibitin. Ran nan da aka kara maka waya a kunne ina jin kana kokawa da magana ta ƙi fita, da na ajiye sai da na yi kuka a tsaye a kicin. Ba zan sake jefa ka cikin wannan wahala ba. Takarda ba ta jiran amsa. Kai dai ka saurara, abin da ban taɓa samu daga gare ka ba tun ranar aurenmu.

Ga labarin gida, kuma ba zan ɓoye maka komai ba. Rijiyar Yamma ta rufta. Bututun can ƙasa ne ya ruɓe, famfon sai yashi yake jawowa. Mai haƙar burtsatse ya ce yana wajen Bedourie da aiki a gabansa, ba zai iso mu ba sai bayan sabuwar shekara. Ka kuwa san jajayen shanunka, 'yan waɗanda fari ya bar mana, duk suna can, don can kaɗai ciyawa ta saura. In na kawo su gida yunwa, in na bar su can ƙishirwa. Kerrilee ta ce a kira dillali ya kwashe su zuwa mayanka tun suna da nama a jiki. Ban ga laifinta ba, tausayina take ji. Amma na gaya mata, ga shi ina maimaitawa a gabanka: ba za ka dawo ka tarar da fili ba ko ƙaho ɗaya ba. Maƙwabcinmu Alby ya taya ni ɗora tankin ruwa a bayan tsohuwar motarka Dulcie. Ni da ita za mu shayar da su.

Sai dai akwai magana a kan Dulcie ɗin. Surukinka Dermot ya zo daga Hobart ya yi mini mako guda, Allah ya saka masa. Ya gyara matakalar baranda, ya sha rana har ya zama ja kamar tumatir. Ranar da zai tafi sai ya fito daga rumfar mota yana goge hannu yana murmushi, ya ce, "Mama, na yi wa motar Baba juye. Irin man motata na zuba mata, 5W-30, wanda ya fi kowanne kyau. Yanzu taɓa makulli kawai za ki yi." Na yi godiya, don me zan ce? Mutumin da a garinsu ake sa rigar sanyi ranar Kirsimeti, ina zai san zafinmu, mu da Disamba ne tsakiyar zafi a wurinmu?

Da safe kuwa gaskiyarsa, taɓa makulli na yi ta tashi kamar yarinya. Da rana ne asiri ya tonu. Na cika tankin ruwa na kama hanya, ma'aunin zafi na baranda ya haura arba'in da huɗu. A Ƙofar Dutse na tsaya na sauka, na buɗe ƙyauren, na juyo. Tun kafin in kai ga motar nake jin wani ƙas-ƙas-ƙas a cikin injin, kamar ana buga cokali a kofi. Na leƙa: allurar gejin ƙarfin man inji ta kwanta, jar fitila tana ƙifta mini ido. Ina taka totur allurar ta miƙe, ƙarar ta ɗauke. A ƙofa ta gaba haka, har ya fi muni. Nan na kashe ta, na zauna a inuwarta sai da rana ta yi sanyi. Shanun sun sha ruwa da yamma liƙis, suna ture juna a bakin komi.

Na duba sandar gejin da ake tsomawa a man inji, mai a cike yake, ba ya yoyo. Tsinkewa kawai yake yi in ya ji wuta. Duron da kake ɗibar naka kuwa babu ko ɗigo, rana ta cinye rubutun jikinsa. Ban san me kake zuba mata ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Kada ka sa damuwa a ranka. Macen da ta raini 'ya ta kuma raine ka ba tsohuwar mota ce za ta gagare ta ba. Ka ci abincin da suke ba ka ko da ba gishiri. Allah ya ƙara sauƙi.

Matarka,
Valmai

*

Bindera Downs
Tsakiyar Disamba

Athol tsohona,

Ina gaishe ka da jiki, da fatan kana tashi zaune, kana kuma bin abin da mai gashin ƙashi take cewa. Kerrilee ta ce ka juya mata baya ka fuskanci bango. Wannan ba halin kirki ba ne, kuma za mu yi maganarsa.

Da farko labari marar daɗi. Tunda zafi ya hana, sau ɗaya nake kai ruwa, da sanyin safiya, kuma ba ya isa. Jar saniyar nan mai karyayyen ƙaho ta mutu shekaranjiya, kusa da komin. Na daɗe tsaye a kanta. Na ji ciwo, Athol, ba zan yi maka ƙarya ba. Kerrilee ta ce in Kirsimeti ta zo ruwa bai wadata ba, za ta kira dillali ko na so ko na ƙi. Na ce na ji.

Na yi kuskuren tambayar shawara a oba-oba, rediyon da muke magana da maƙwabta, ka san kuwa duk yankin nan kunnensu na kai. Alby ne ya fara: "Valmai, zubar da ruwan shayin nan na surukinki! Tsohuwar mota sai mai kauri, wanda cokali zai tsaya a ciki. Ni nawa har man giya nake ɗan tsiyaya masa." Sai ga muryar Thelma Ah Sam mai shago a gari: "Kai Alby, rufa mana baki! Inji nawa ka binne a bayan gidanka?" Ya ce, "Su ne suka mutu, ba ni na kashe su ba." Wani direban motar shanu da ban san shi ba ya sa baki, wai a bi littafin mota kawai a huta. Aka yi ta yi har na rage muryar na tafi ba kaji abinci.

Thelma ce ta yi mini bayanin da ya shiga kaina. Ta ce lambar farko, mai W a jiki, tana nuna yadda mai zai gudana da sanyin safiya. Ta biyun kuma kaurin da zai rage masa ne in inji ya ɗau zafi. Ta aiko mini da 'yan kwalabe biyu a motar wasiƙu, duka na dizal: 15W-40 da littafin ya faɗa, da 20W-60. Alby ma bai haƙura ba, ya kawo nasa haɗin a gwangwanin madara.

Kafin in gaya maka abin da na yi da su, akwai rigimar da zan yi da kai. Ina wanke-wanke abin ya faɗo mini. Tunda na shigo gidan nan, kai ke tuƙi ni ke sauka buɗe ƙofa, kamar kowace mace da ta taɓa zama gefen direba a ƙasar nan. Kuma 'yan shekarun nan duk na sauka da rani sai in ji ka ɗan taka totur a bayana, injin yana gurnani. Ni kuwa na ɗauka gaggauta ni kake, shi ya sa nake ƙara jan ƙafa, in dawo in zazzaga maka masifa. Ashe allura kake riƙewa da ƙafarka! Ni ina waje ina fama da sarƙar ƙyaure, ina zan ga geji? Kai kuma ka gwammace ka sha faɗa da ka ce Dulcie ta tsufa. Haba Athol! Baki fa kake da shi a lokacin.

To yanzu ba mai zama a kujerar in na sauka. Igiyar totur ta hannu tana nan a tsinke tun Kerrilee na firamare, wadda kullum gobe za ka gyara. Na gwada ɗora bulo a kan totur, ya zame ya danne shi gaba ɗaya, sai ga ni da tsufana ina gudu. Kashe ta a kowace ƙofa kuwa ba zai yiwu ba, ka san halinta in ta yi zafi, sai ta ga dama take tashi. Saboda haka man da zan zaɓa dole ya yi aikin da ƙafarka take yi.

Na ɗauko babbar tukunyar da nake dafa jam, na tafasa ruwa, na jera mayukan huɗu a kwalabe a ciki har suka ɗau zafi sosai. Sannan na jingine farantin gashi a baranda na tsiyaya kowanne daga sama. Na Dermot kafin in ɗaga kai ya kai ƙasa. Na littafi ya bi shi da ɗan nauyi. Mai sittin ɗin ya sauko a hankali kamar zuma mai ɗumi, ya bar shafe a bayansa. Na Alby ma ya riƙe jikinsa, sai dai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Daga nan na sa su a firji suka kwana. Da safe na kifa kwalbar Alby, na shanye shayina, bai sauko ba. Man da bai iya fita daga kwalba ba, yaushe zai hau saman inji?

Littafin bai yi ƙarya ba, amma an rubuta shi ne lokacin Dulcie tana budurwa, ƙarafunanta a matse. Yanzu sun saki kamar haƙoranka, mai marar kauri ta tsakaninsu yake zurarewa. Na zaɓi 20W-60. Na gaya wa Thelma ta aiko da jarka biyu da sabuwar filta ranar Juma'a. Ban tambayi kowa ba, kuma hankalina a kwance yake.

Ka juyo daga bangon nan. Ina kewarka fiye da yadda zan bari Kerrilee ta karanta.

Taka,
Valmai

*

Bindera Downs
Jajibirin Kirsimeti

Mijina,

Barka da sauƙi, barka da arziki! Ina gaishe ka, ina gaida duk ma'aikatan ɗakinku. Kerrilee ta kira ni tana dariya tana kuka. Wai tana karanta maka inda Alby ya ce a tsiyaya man giya, sai ka doki gado da hannun hagu ka ce, "A'a!" har mai gadon kusa ya firgita. Wato duk makonnin nan ba sunana ba, ba na 'yarka ba, kalmar farko da ta fito bakinka a kan mota ce. Na yafe. Na gaya wa Alby a oba-oba kowa na ji, ya ce, "To ai ni na warkar da shi ke nan, a ba ni tukwici."

Na yi juyen da hannuna. Na bar Dulcie ta ɗumama, na shimfiɗa buhu na shige ƙarƙashi da sifana. Notin ya yi gardama, na sa masa bututu na taka, man Dermot ya zubo mini a wuyan hannu da zafinsa. Ƙunar ba ta da yawa. Na shafa wa robar sabuwar filta mai kamar yadda nake ganin kana yi, na ɗaure ta da hannu, na zuba sabon. Yana sauka gulub-gulub, a nitse.

Washegari da na tayar da ita allurar ta ɗan yi jinkiri kafin ta tashi, sannan ta miƙe ta tsaya cak. Na gane wannan man ba a yi masa gaggawa da safe. Yanzu sai in tayar da ita in koma in sha shayi, in na dawo ta shirya.

Sawun safe ba gwaji ba ne, kowane mai yana iya shi. Sawu na biyu nake jira, na tsakar rana. Jiya kuwa rana ta yi abin da ba ta yi ba duk bana, ma'auni ya kai arba'in da bakwai, tsuntsaye duk sun saki baki a ƙarƙashin tankin gida. Sitiyari sai da tsumma na riƙe shi. Ga ruwa cike a baya, Dulcie tana nishi a cikin yashi.

Da na iso Ƙofar Dutse na ja birki, na ɗauke ƙafata daga totur, na sauka. Ban waiwaya ba. Na tafi wajen ƙyauren ina kasa kunne, sarƙar tana ƙona mini tafin hannu. Ba cokali, ba kofi. Sai wannan dum-dum-dum nata na kullum. Na dawo na leƙa: fitila a mace, allura ta sauko amma tana tsaye da ƙafarta, nesa da jan layi. Na shige, na sake sauka na rufe ƙofar yadda na same ta, har na ɗan daɗe da gangan. Allurar ba ta motsa ba.

Babban gwajin yana Rijiyar Yamma. Na haɗa famfo ina juye ruwa a komi, ka san da injin motar yake aiki. Sai na hango wata karsana ta kafe a taɓon da ke gefen komin, sauran suna neman tattake ta. In na kashe mota ruwa ya tsaya, su kuma su haukace. In na tsaya gadin geji karsana ta tafi. Na ce wa Dulcie, "Yarinya, yau ke da kanki," na ɗau igiya. Ban san tsawon lokacin da na yi a taɓon nan ba, ina ja ina zagi, har ta fito tana rawar ƙafa ta bi 'yan uwanta ko godiya babu. Duk wannan lokaci motar tana silo a tsakiyar rana ba kowa a cikinta. Da na dawo, tanki ya ƙare, komi ya cika, allura tana inda na bar ta. Na dafa bonet ɗin, ya ƙona ni, ban damu ba.

Yau ma sawu biyu na yi, gobe in yi uku in na ga dama. Kerrilee, ki ajiye lambar dillalin nan, ba mu da abin sayarwa. Ki kuma gaya wa Dermot ban riƙe shi da komai ba. Sauran man nasa na shafa wa ƙyamaren gida, sun daina kuka.

Athol, a cikin ambulan ɗin nan akwai 'yar leda, a ciki akwai ƙyalle. Da shi na goge sandar geji jiya, da zafinta, a bakin komi. Na san ba za ka yarda da maganata ba sai ka taɓa da kanka. Barka da Kirsimeti. Ni da kaji da Dulcie za mu ci tamu a nan.

Matarka mai taurin kai,
Valmai

*

Bindera Downs
Janairu

Athol,

Gaisuwa da fatan alheri, da barka da sabuwar shekara. Yaya ƙarfin jiki? Mai haƙar burtsatse ya iso, ya ce nan da 'yan kwanaki Rijiyar Yamma za ta kawo ruwa. Shanunka suna nan, bayan mai karyayyen ƙaho ba mu sake rasa ko ɗaya ba, har an sami maruƙa sababbi.

Kerrilee ta ba ni labarin ƙyallen, sai da na sa ta maimaita. Ta ce ta buɗe ledar ta ajiye maka a kan bargo, ka shinshina, ka daɗe kana kallonsa. Sannan ka ɗauka da hagu, amma ba ka murza da hagun ba. Ka tura shi tsakanin babban yatsa da manuni na hannun dama, hannun da mai gashin ƙashi ta yi ta roƙo ya ƙi motsi. Wai yatsun suka matse, suka murza a hankali, kamar yadda kake yi a rumfar mota kowace safiya. Ta ce ta ruga kiran nas, da suka dawo kana nan kana murzawa. Sai ka ɗago ka dube su ka ce, "Kauri."

Kauri! Na shiga taɓo, na ƙone, na shayar da garke guda a zafin da ke kashe tsuntsu a sama, abin da zan samu ke nan? Na zauna a kan matakalar da Dermot ya gyara na yi dariya har hawaye suka zo, daga nan kuma ba dariyar ba ce.

To na ji, ya yi kauri. Ni ma na san ba man sanyi ba ne. In watan Mayu ya zo da sanyinmu, ruwan komi ya fara daskarewa da asuba, dole a koma wanda ya fi shi sauƙi. Wannan juyen naka ne, na bar maka sifana a inda ka saba ajiye ta. Amma muddin ana wannan zafi, man da na zaɓa shi zai zauna a cikinta, kuma ba na neman izini.

An ce wata mai zuwa za su sallame ka. Ni zan zo filin jirgi na Boulia in ɗauke ka, a Dulcie. Likita ya ce ba kai ba tuƙi tukuna, saboda haka ni ce a sitiyari, kai a gefe. Ka kuwa san dokar ƙasar nan, ba ni na kafa ta ba: wanda ke gefen direba shi ke sauka ya buɗe ƙofa. Daga titi zuwa gida ka san yawansu, kai ka kakkafa su. Don haka ka tashi ka kama sandar nan ka yi ta zagaya barandar asibiti, ka kuma ci gaba da murza ƙyallen, sarƙar Ƙofar Dutse sai da hannu biyu.

Ka sauka a hankali, ka buɗe a hankali, ko rabin yini za ka yi. Ba za ka ji na taka totur a bayanka ba. Ni da Dulcie mun iya jira.

Matarka da ke jiranka,
Valmai